Launin Ɗan Tsintsiya

Tun ranar da 'yar Yaya ta buga waya ta ce ran Lahadi za ta ɗauke mahaifinta ta tafi da shi garin da take aiki, Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Dama can ba mai zama ba ce. A shagonta na gyaran tabarau akwai kujera, amma jakarta ce ke zama a kai. A tsaye take ɗaure noti, a tsaye take cin abinci, in waya ta shigo kuwa sai ta auna shagon da ƙafa daga ƙofa zuwa bango har a gama magana. Mijinta ya sha cewa da za a jona mata waya a ƙafa, da unguwarsu ta huta da ɗaukewar wuta. To wannan makon abin ya wuce na kullum, har wani dattijo da ya kawo gilashinsa gyara ya ce ta taimaka ta tsaya, jiri take sa shi.

Abin da ke cin ta ɗaya ne. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, wanta ɗaya tilo da ya rage mata a duniya, bai sake gane ta ba. Tana shiga ɗakinsa zai gyara zama, ya yi mata murmushin da ake yi wa baƙi, ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?" Ta kai masa hotuna, ya yaba kyan mutanen da ke ciki. Ta ba shi labarin gidansu na da, ya saurara cikin ladabi ya ce Allah sarki. Garin da za a kai shi kuwa sai da jirgin sama, kuma likita bai ɓoye musu ba cewa abin gaba yake yi, ba baya ba. Ba warkewa Auta ke roƙo ba, wannan ta bar wa Allah. So take ya dube ta sau ɗaya ya san ko wace ce kafin a rufe ƙofar mota.

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan gidanta da aka gina don ajiye tarkace, ita kuwa ta mai da shi masana'anta. Nan take ƙera 'yan mutum-mutumi na 'yan wasan katun, wasu na ajiyewa a kan kanta, wasu masu inji da batir da ke tafiya da kansu. Mutane na ɗauka wasan yara ne. Ba su taɓa ganin 'yan guruf ɗin waya na masu irin wannan ƙira da take ciki ba ne, manya da furfura, wasu da jikoki, suna musu kan faɗin kunnen zomon katun har a yi fushi a daina gaisawa. Doka ɗaya ce ta haɗa su, kuma ba su wasa da ita: abin da ka ƙera ya fito daidai da yadda yake a fim, tsayinsa, gaɓoɓinsa, launinsa. Wanda ya kauce ya shiga uku a bakinsu.

A ɗakin nan ta daɗe tana haɗa Ɗan Tsintsiya a hankali, yanzu kuma ta koma masa gadan-gadan. Ba sunansa na gaskiya ba ne. Katun ɗin da wani harshe ake yin sa wanda ba su ji, don haka ita da Yaya suka raɗa masa nasu tun suna yara. Wani ɗan guntun mutum-mutumi ne mai kai kamar kifaffen kwano, da ƙafa uku, da 'yar hula, aikinsa sharar tashar jirgin ƙasa. Duk abin da ya yi karo da shi, ko mutum ko kwandon shara, sai ya ja da baya ya ɗaga hula ya ba da haƙuri. Yaya kan yi dariya har ya faɗo daga kujera. Ita kuwa a karkace ta kalli yawancinsa, domin talabijin ɗinsu ba ya kamawa sai an riƙe eriya a bakin taga, kuma a gida ƙarami ne ke riƙewa. Tana tsaye hannu a sama, Yaya na zaune yana ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi. Daga nan ya sa mata Eriya, sunan da babu mai kiran ta da shi a duniya sai shi.

Ta yi wa Ɗan Tsintsiya gwiwar hannu da 'yan ƙarafan da hannun tabarau ke lanƙwasawa da su, ta yanka masa idanu daga tsohon gilashin karatu, ta ciro 'yan injina daga wata na'urar buga takardu da ta mutu. Da ta gama liƙe wayoyi da dalma ta danna rimot, sai ga shi yana share tebur, ya bugi gwangwanin fenti, ya ja baya ya ɗaga hula. Ta yi masa fenti kore mai duhu, irin na gansakuka, ba tare da ta tsaya tunani ba, hannunta ne kawai ya je ga wannan gwangwanin. Daɗi ya kwashe ta, ta ɗauki hoto ta tura guruf.

Washegari ko gama buɗe shago ba ta yi ba sai ga Mai Magani. Tsohon mai kantin magani ne da ya ajiye aiki, shi ne babba a guruf ɗin, kuma mutumin kirki ne matuƙar ba a zo maganar launi ba. Ya ajiye tabaransa a kan kanta wai noti ya kwance, alhali notin lafiyarsa lau.

"Mai Tabarau, wannan kwaɗon da kika turo mana fa?"

"Wane kwaɗo kuma, Malam?"

"Aikin hannu kam ba a magana, gwiwar nan ta burge ni. Amma wa ya ce miki kore ne?"

Ya ciro wayarsa ya nemo katun ɗin, wanda aka wanke aka sake fitarwa tas. Ga tashar, ga tsintsiyar, ga 'yar hular. Ga Ɗan Tsintsiya kuma, ruwan lemo, yana sheƙi kamar an ɓare shi yanzu. Auta ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta nesanta, ta goge gilashinta ta sake kallo.

"Ni dai kore na san shi," ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Shekarunki nawa lokacin?"

"Ban ma shiga makaranta ba."

"To kin gani. Ƙwaƙwalwar yaro ai ba abin dogaro ba ce. Ga fim, ga ido." Ya rubuta mata lambar fentin a bayan katinsa. "In za a yi abu, a yi shi daidai."

Kunya ta kama ta har kunnuwanta suka yi zafi. Mace mai gyara wa mutane gani, a ce ta kasa bambance kore da ruwan lemo! Kuma tsoro ya biyo bayan kunyar: in ta kai wa Yaya abin da ba shi ba, ta yaya zai tuna? Ta rufe shago tun rana na sama, ta bi ta kantin fenti, ta shige ɗakin baya ta hau goge koren da samfefa kamar mai goge abin kunya. Ragowar gwangwanin ta wurga a shara. Mijinta ya leƙo ya tarar da ita fuska duk ƙura.

"Injiniya, jiya na bar shi kore, yau kuma ina muka nufa?"

"Don Allah ka ja min ƙofar, iska na kawo ƙura."

Ta bi ƙa'ida tiryan-tiryan. Ta fesa farin share fage ta jira ya bushe, ta fesa ruwan lemo siriri ta jira, ta ƙara ta jira. Jiran ne ya fi komai wuya. Ta share ɗakin, ta sake jera 'yan mutum-mutumin kan kanta daga dogo zuwa gajere, ta mayar da su yadda suke, ta leƙa fentin, ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Da ya bushe ta tura sabon hoto, 'yan guruf suka yi ta tafi. Mai Magani ya rubuto cewa yanzu aka yi magana.

Ran Asabar da la'asar ta rungumi kwalinta ta nufi gidan Yaya. Gidan ya zama kamar tasha. Kwalaye a ɗaɗɗaure har bakin ƙofa, an cire hotuna daga bango sun bar tabonsu, masu kwasar kaya na shiga da fita da babbar mota a waje. 'Yar Yaya ta tare ta da gam ɗin liƙe kwali a hannu, idanunta sun faɗa don gajiya.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Yana ciki. Yau ma dai sai a hankali."

Yaya na zaune a kujera kusa da gado, hannun da ya shanye a kan cinya. Wannan hannun ne ya fara koya mata riƙe sukundireba.

"Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"

"Kai nake nema, Yaya. Na kawo maka wani abu."

Ta durƙusa ta ajiye Ɗan Tsintsiya a ƙasa, ta kunna shi ta ɗan maɓallin da ke bayansa, wanda ke sa shi yawo da kansa na ɗan lokaci. Ya kama shara, ya bugi ƙafar gado, ya ja baya ya ɗaga hula. 'Yar Yaya ta fashe da dariya har da tafi. Auta ba ta kalli abin ba ko sau ɗaya, fuskar wanta take kallo. Ya dubi abin da ke yawo a ƙasa kamar yadda ake duban kazar maƙwabta.

"Na jikanki ne? Allah ya raya shi."

Auta ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba ba. Baƙin ciki ne tsagwaronsa, irin wanda ba ya ma kawo kuka. Ta yi komai daidai, ga shi daidai ɗin bai amfana mata komai ba.

Rana ta karkato ta taga tana dukan fuskar Yaya, ya fara ƙifta ido. 'Yarsa ta je ta ja labule, wani tsohon labule kore mai kauri da ya daɗe a ɗakin. Nan take ɗakin ya rine. Zanin gado ya yi kore, hannun Auta ya yi kore, Ɗan Tsintsiya da ke fitowa daga ƙarƙashin tebur ya koma wani launi mai dauɗa-dauɗa kamar ruwan da ya kwana a randa.

Kan Yaya ya juya. Idanunsa suka kama abin suka bi shi har bango. Leɓensa ya motsa. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya mari gefen kujerar da tafi, ya dakata, ya sake mari.

Auta ta san wannan marin. Haka yake marin gefen talabijin ɗinsu in hoto ya fara rawa. Kuma tana tuna talabijin ɗin sai komai ya dawo mata lokaci guda: mai karanta labarai kore, 'yan ƙwallo kore, hatta wutar da ake nunawa tana ci kore take ci. Jan launi ya mutu a akwatin tun kafin ta yi wayo, babu wanda ya gyara, su kuma suka ɗauka haka duniyar cikin talabijin take. Mai Magani bai yi ƙarya ba, a fim ruwan lemo ne. Amma a ɗakinsu ba a taɓa nuna wannan fim ɗin ba. Nasu kore ne, kuma da hannunta ta goge shi.

"Yaya," ta ce, ta matso. "Yaya, ka gan shi?"

Ƙofa ta buɗe, masu kwasar kaya suka shigo da tsani. Babbansu ya ce wannan ɗakin kaɗai ya rage, direba na son ya kama hanya kafin duhu. Kafin ta haɗa kalmomin da za ta yi bayani, ɗaya ya hau ya zare labulen daga ƙarfensa. Haske ya zubo, Ɗan Tsintsiya ya koma ruwan lemonsa ya tsaya a lungu. Yaya ya lumshe ido, hayaniyar ta gajiyar da shi.

"Ku bar labulen! Don Allah ku mayar!"

"Gwaggo, lokacin maganinsa ya yi, kuma in ya sha barci yake yi," 'yar Yaya ta faɗa a hankali, tana dubanta da tausayi. "Gobe da safe ki zo ku yi sallama."

Auta ta kalli tagar. Da safe rana ba ta biyowa ta wannan gefen, ko an bar labulen ba abin da zai yi. Ta sunkuci Ɗan Tsintsiya ta fita ko kwalin ba ta ɗauka ba.

Kantin fenti ya rufe. Ta buga ƙofar, ta zagaya ta baya, ta dawo ta sake bugawa, har mai gadin layin ya tambaye ta ko lafiya. A gida ta kifar da kwandon shara, ta tuna an kwashe tun shekaranjiya. Sai ta jawo shuɗi da rawaya da ɗan baƙi ta hau haɗawa a murfin gwangwani. Wannan ya yi haske, ta zubar. Wannan ya yi kama da ganye, ta zubar. Ba lamba, ba hoto, ba wanda za ta tambaya. Ta rufe ido ta ga kanta tsaye a bakin tagar gidansu na da, ta buɗe ta ƙara ɗigon baƙi, ta juya, sai jikinta ya ba ta cewa shi ne.

Duk dokar da ta sani ta taka ta a yammacin nan. Ba ta goge na ƙasa ba, ba ta share fage ba, ba ta fesa ba. Buroshi ta tsoma ta laɓta masa kamar mai shafe bango. Ta ɗauko injin busar da gashi ta kunna masa, abin da in 'yan guruf suka ji za su iya cire ta, fentin ya yamutse a kafaɗa kamar fatar tsoho. Mijinta ya tsaya a ƙofa ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarta, ya rufe. Ya shigo ya karɓi injin ya riƙe mata.

Da safe fentin bai gama bushewa ba, yana kama yatsa. Ta ɗora shi a kan faranti a cinyarta, mijinta na tuƙi, ita tana taka birkin da babu shi a gefenta, tana faɗa wa kowace danja ta yi sauri. Suna isa suka tarar da motar da za ta kai su filin jirgi a ƙofar gida, an buɗe but ana saka akwatuna.

"Gwaggo, mun makara fa, jirgi ba ya jira."

"Yanzun nan, 'yata. Yanzun nan."

Falon ya zama fili, ba kujera ba tabarma, muryar mutum har amsawa take. Yaya na tsakiya a keken marasa lafiya, an sa masa sabuwar riga da hula, hannunsa a kan cinya.

"Sannu, baiwar Allah."

Ta ajiye abin a gabansa ta laluba maɓallin baya, ta tarar fenti ya cike shi ya ƙame. Ta zaro rimot ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta bubbuga shi a tafin hannu, ta juya batir. Sai ta gane: a gaggawar jiya ta shafe ɗan idon da ke saman kansa, wanda ke karɓar umarni daga rimot. Ta sa farce ta kankare, ɗan wuri kaɗan ya buɗe, sauran ya cakuɗe. Direba ya danna hon a waje.

Ta miƙe ta danna daga sama, abin ya yi zillo ya tsaya. Ashe sai daga sama, kuma sai ta wani gefe. Ta ja da baya tana ɗaga hannu, ya motsa ya tsaya. Ta matsa dama, ba komai. Ta ƙara ja da baya har bayanta ya taɓa ƙarfen taga, ta miƙa hannu iya tsawonsa, yatsa a kan maɓalli. Ɗan Tsintsiya ya ɗan share ƙasa, ya sake ƙamewa. Gumi ya karyo mata, tana ta laluben iska da rimot.

"Ɗan hagu."

Ta ɗauka mijinta ne. Ta dube shi, bakinsa a rufe yake, idanunsa a kan keken.

"Eriya, hagu na ce. Ba kya ji ne?"

Muryar ta shaƙe, kalmomin na jan ƙafa, amma faɗan nan na babban wa yana nan yadda ta san shi. Ta matsa hagu. Ɗan Tsintsiya ya tashi da shara, kore, yamutsattse, da tabon yatsunta a ciki. Ya tafi kai tsaye ya bugi takalmin Yaya, ya ja baya, ya kai hannu ga hula. Hular ta manne da fenti, ya ja, ya ja, sannan ta ɓalle da wani siririn zare kore. Yaya ya tuntsire da dariya da rabin bakinsa mai motsi, har hularsa ta karkace.

"Yauwa! Ya fito. Tsaya nan, Eriya. Kar ki motsa."

Hon ya sake tashi a waje, dogo wannan karon. 'Yar Yaya na tsaye a ƙofa da jaka a kafaɗa, ta toshe bakinta da hannu, ba ta ce a tafi ba. Kafaɗar Auta ta fara zafi, hannun ya fara saukowa, ta sa ɗayan ta tallafe gwiwarsa kamar yadda take yi tana yarinya. Hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin tabaranta har cikin baki, babu hannun da za ta share da shi.

"To, Yaya," ta ce.

Ba ta motsa ba.